Rinin Zare a Ƙasar Hausa: Tsakanin Tukunyar Gida da Karofi

Gabatarwa

Duk wanda ya bi abin da aka rubuta game da tarihin rini a ƙasar Hausa zai tarar kusan dukkan maganar a bakin karofi ta tsaya. Ana ba da labarin rijiyoyin baba, da marina maza da ke zaune a bakinsu, da mabuga, da fataken da ke ɗaukar turkuɗi su nufi Abzin da shi. Wannan duka gaskiya ne, sai dai rabin labarin ke nan. Kafin tufa ta je karofi sai an yi zare, zare kuwa a cikin gida ake yin sa, a hannun mata. Haka nan kuma akwai launukan da ba a taɓa neman su a karofi ba, a kan murhu ake dafa su, cikin tukunya irin ta tuwo. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi zaren nan tun daga tsakar gida, mu ga wane rini ne ya tsaya hannun mata da ƙawayensu, wane ne ya fita, da kuma dalilin fitarsa. Za mu fi mai da hankali ga ƙasashen Maraɗi da Damagaram da Adar, amma tilas mu riƙa leƙa Kano da Katsina, domin a zamanin da muke magana babu iyakar da ta raba kasuwannin nan.

Abin da matafiya suka gani

A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya sauko daga Agadas ta Damargu ya iso Tasawa. A nan ya bayyana wata marina da ya gani: dandamali na ƙasa mai ramuka 14, inda ake tsoma tufafi daga kwana ɗaya har kwana bakwai, gwargwadon duhun da ake so. Da ya isa Kano a watan Fabrairu na wannan shekara, ya rubuta cewa a cikin birni kaɗai akwai ramukan rini fiye da 2,000, kuma sarki na karɓar kuɗin karofi wuri 700 a kan kowane rami. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Kafin shi, Clapperton ɗan Scotland ya zo Kano a 1824, shi ma ya yaba rinin garin.

Mu lura da abubuwa biyu a nan. Waɗannan matafiya maza ne, baƙi ne kuma, iyakarsu zaure. Abin da ke faruwa a bayan darni ba su da hanyar ganinsa. Sa'annan abin da hukuma ke karɓar haraji a kansa shi ne ake ƙirgawa, shi ke shiga takarda. Rami na da mai shi, yana da wuri ɗaya da ba ya tashi, saboda haka sarki ya san shi. Tukunyar da mace ta girka da hantsi ta sauke da la'asar ba ta cikin lissafin kowa. Mai nazarin tarihi da ya dogara ga takardu kaɗai zai zaci rini duka na maza ne, alhali ko a cikin ramukan nan da Barth ya ƙirga, wani kaso na abin da ake tsomawa zaren mata ne da aka aiko daga cikin gidaje.

Daga gona zuwa mazari

Abin da Kanawa ke kira auduga ko abduga, mutanen Katsina da Gobir da Adar kaɗa suke ce masa. Ana noma ta a fadamu da bakin gulabe, kamar Gulbin Maraɗi da kwarin Majiya, da kuma ƙasashen kudancin Damagaram wajen Magarya da Matamai. In an tsince ta da kaka, sauran aikin na mata ne. Su za su gurje ta a kan magurji da ɗan sandan ƙarfe, gurya ta fita. Su shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi. Su naɗa sutu. Sa'annan su zauna kaɗi da mazari, ana shafa alli a yatsu don kada zare ya zame. Zare iri biyu ke fitowa: mai ƙarfi wanda aka murɗa sosai, shi ne na tsaye a masaƙa, da abawa mai kauri da laushi, wadda ake jefawa cikin ƙoshiya.

Kaɗi aiki ne mai cin lokaci ƙwarai. Masaƙi ɗaya na iya cinye zaren mata da yawa, shi ya sa a da kusan babu macen da ba ta da mazari, tun daga baiwa har matar sarki. Aiki ne kuma da ba ya hana baki magana. Don haka matan gida ɗaya, da maƙwabta, da ƙawaye, sukan taru su yi shi wuri ɗaya, musamman da rani bayan an kau da amfanin gona, ana hira ana tatsuniya. Kuɗin zare na mace ne, miji ba shi da iko a kansu. Da su take sayen akuya, ta tara wa ɗiyarta kayan ɗaki, ta kuma mayar da biki ga ƙawar da ta yi mata. Wannan zama na kaɗi shi ne tushen taruwar da ake yi wajen rini, domin matan da suka kaɗa zare tare su ne za su girka tukunyar rina shi tare.

Rinin tufa daban, rinin zare daban

Ana yawan haɗa waɗannan biyun, bai kuwa kamata ba. Turkuɗi da kore da rawanin da ake kira ɗan Kura farare ake saƙa su, a ɗinke ƙwarya-ƙwarya, sa'annan a kai karofi, daga nan a kai mabuga a buga su da shuni har su yi ƙyalli. Wannan rinin tufa ke nan. Amma saƙi, mai zanen nan irin na jikin zabo, ba ya yiwuwa sai an rina zaren tukuna, domin fari da baƙi da shuɗi a masaƙa suke haɗuwa. Haka luru, haka gwado mai ratsi da mata ke saƙawa a masaƙarsu ta tsaye, haka kuma zaren da ake yi wa riga da hula aiki da shi. Rinin zare ya fi na tufa wuya ta wata fuska. Sai an warware zaren daga mazari an naɗe shi sako-sako, an dafa shi da ruwan toka don maiƙon da ke jikin kaɗa ya fita, in ba haka ba ruwan rini ba zai ratsa cikinsa ba, ya fito dabbare-dabbare. Wannan shiri kuwa, ko da a ce karofi za a kai zaren, a gida ake gama shi.

Launukan tukunya

Ja da rawaya da wani irin baƙi duk a kan wuta ake samun su. Ja na fitowa daga karan dafi, wata irin dawa da ba don ƙwayarta ake shuka ta ba, don jan kuben da ke lulluɓe da karanta ne. A daka shi, a jiƙa da ruwan kanwa ko na toka, sai ruwan ya yi ja wur. Rawaya saiwar wani ɗan tsiro ce na daji mai fure kamar ƙwanduwar ƙwai, wanda masana tsirrai ke kira Cochlospermum tinctorium. Akwai kuma gangamau, da ganyen marke. Baƙi kuwa daga bagaruwa yake: in ruwan ƴaƴanta ya gamu da ƙarfe mai tsatsa sai ya rikiɗe ya yi baƙi, kuma wannan ita ce dabarar da dukawa ke yin kuloko da ita. Likitan nan Dalziel ya tattara sunayen yawancin waɗannan tsirrai cikin ƙamus ɗinsa na tsirran Hausa a 1916.

Babu ko ɗaya a cikinsu da ke bukatar rami ko jari. Tukunya, da itace, da ruwa, da yini guda, sun isa. To amma ruwan rini in an dafa shi ya fi ƙarfin zaren mace ɗaya, ba ya kuma ajiyuwa. Asara ce mace ta ƙona itacen yini guda a kan ɗan zaren da bai cika tafi biyu ba. Hikimar taruwa ke nan: wannan ta kawo karan dafi, waccan ta kawo kanwa, wata ta zo da itace, kowace ta yi wa zarenta alama da ƙulli, a zuba tukunya ɗaya. Wadda ta fara tsomawa ta sami launi mai kauri, ta ƙarshe ta sami mai haske, saboda haka ko a nan akwai girma da alfarma. In auren ɗiyar ɗaya daga ciki ne ya matso, ba sai an faɗa ba, nata ne zai fara shiga.

Sai dai a faɗi gaskiya, waɗannan launuka ba su kama kaɗa kamar yadda suke kama fata ko kaba. Jan karan dafi da ke shekara da shekaru a jikin jakar fata, a jikin zane wanki kaɗan ke kwashe shi, rana ta ƙarasa saura. Akwai abubuwan da ke taimaka wa launi ya zauna, kamar ruwan bagaruwa da alif. (Abin sha'awa ne cewa tun a ƙarni na 12 al-Idrisi ya ambaci alif na Kawar, wanda ake kaiwa Masar da Magrib.) Duk da haka, mai neman ja na gaske a rigar sarauta alharini yake saye, wato silikin da aka rino a Tarabulus, ayarin Gadamas ya ƙetaro hamada da shi. Da shi ake saƙa barage. A ganinmu wannan rashin daɗewa shi ne dalili na biyu da ya sa tarihi ya manta da rinin gida. Tsofaffin rigunan da suka rage a gidajen sarauta da gidajen tarihi, na baba da na alharini ne suka riƙe launinsu.

Yadda baba ya bar gida

Baba shi ne ya bambanta da sauran. Launinsa ba ya narkewa cikin ruwa, don haka dafa shi ba ya haifar da komai. Sai an yanke shi, an sassare, an bar shi ya ruɓa, an shanya, sa'annan a zuba cikin ruwa tare da toka da katsi, a bar shi kwanaki ana motsawa. Abin da ke faruwa shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna cinye iskar da ke cikin ruwan, kaifin tokar kuma ya taimaka, har launin ya sake kama ya narke. Zaren da aka tsamo daga irin wannan ruwa tsanwa-tsanwa yake fitowa, sai ya sha iska sa'annan ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo, launin ya daskare a cikin zaren. Ana maimaita tsomawa da shanyawa har duhun ya kai yadda ake so. Shi ya sa baba ba ya bukatar wani abin kama shi, shi ya sa kuma ba ya zuba kamar sauran.

Wannan sani tsoho ne a Afirka ta Yamma. A kogunan duwatsun Bandiagara, a ƙasar Mali ta yau, an sami tufafin kaɗa masu zaren da aka rina da baba, waɗanda masana suka ce wasunsu na ƙarni na 11 ne ko na 12. A Kano kuma ana danganta kafuwar karofin Ƙofar Mata da shekarar 1498. A wurare da dama cikin manyan tukwane ake yin rinin baba, kuma mata ke yin sa. Haka abin yake a ƙasar Yarabawa, haka wajen Sarakole. Philip Shea, wanda ya yi nazarin rinin ƙasar Kano ya kammala a 1975, ya nuna cewa a ƙasar Hausa ma manyan tukwane aka fara amfani da su, kafin a gano yadda za a haƙa rami a shafe cikinsa da laso. Laso wani irin siminti ne da ake haɗawa da katsi da gashin dabba da ruwan dafara. Katsi kuwa daga dagwalo yake, wato laka da gurɓataccen ruwan da ke saura in rami ya mutu, a kwashe a shanya a ƙona. Ke nan tsohon rami shi ke haifar da sabo, wanda bai gaji rami ba kuwa da wuya ya fara.

Ramin da ya kai gaba biyu ko fiye yana ɗaukar ruwan da tukunya goma ba su ɗauka ba, yana riƙe ɗumi, ruwansa kuma ya fi daɗewa da rai. Kuɗin rina kowane zane sai ya faɗi. Da kasuwar Daular Usmaniyya ta buɗe a ƙarni na 19, ga kuma Abzinawa da ke saukowa kowace shekara da gishirin Bilma da Fashi su koma da hatsi da baƙaƙen tufafi, sai rinin baba ya zama sana'ar jari, ta gado, ta maza. Garuruwa irin su Kura suka shahara da shi, Damagaram kuma, musamman zamanin Sarki Tanimun, ta zama babban zango a kan hanyar da kayan ke bi zuwa arewa. Mace mai son shuɗi ko baƙi a zarenta sai ta ga ya fi mata sauƙi ta aiki yaro da shi karofi, ta biya ƴan kuɗi, da ta yi mako tana jiran tukunyar da wataƙila ma ba za ta tashi ba. Ba doka aka kafa ta hana ta ba, araha ce ta raba ta da aikin.

Shaidar harshe

Harshe ya adana abin da takardu suka bari. Har gobe in ana nufin mawadata sai a ce masu hannu da shuni, wanda ke nuna irin darajar da tufar da aka buga da shuni take da ita, har ta bar alama a hannun mai ita. In abu ya faru yadda aka zata sai a ce a rina, an saci zanen mahaukaciya, domin ɓarawon zane marina yake nufa don ya ɓad da kamarsa. A Katsina da Sakkwato akwai unguwannin da sunansu Marina ko Marna, a Kano kuma akwai Karofin Zage. Waɗannan duka ɓangaren maza ne da kasuwa.

Ta ɓangaren gida kuwa, a dubi yadda muke kiran launuka. Kalmar rawaya sunan tsiron rini ce kafin ta zama sunan launi. Muna cewa ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa. Me ya kawo ruwa cikin sunan launi? Muna kyautata zaton mutanen da suka saba ganin launi a matsayin abin da ake jiƙawa ko a dafa, a tsoma wani abu a ciki, su ne suka gina wannan salo. Haka kuma Bahaushe ba ya kiran rigar da ta sha baba sosai shuɗiya, baƙa yake ce mata, shuɗi kuwa na wadda ba ta daɗe a rami ba ne. Wannan rabo na marini ne, gwargwadon yawan tsomawa aka yi shi. Mai fassara tsofaffin rubuce-rubuce ya kamata ya kiyaye da haka, kada ya ɗauki baƙar riga a matsayin mai launin gawayi.

Zuwan galura da tafiyar zare

A 1856 wani saurayi ɗan Ingila, William Perkin, ya haɗa launi na farko daga sinadaran kwal. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban da aka haɗa a masana'anta, bisa binciken Adolf von Baeyer. Cikin waɗannan shekaru ne Faransawa suka shigo Damagaram, a 1899, aka kuma shata iyaka tsakaninsu da Ingilishi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin Tarabulus ya mutu, kaya suka koma shigowa ta bakin teku. Kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe a Maraɗi da Damagaram, suna sayen gyaɗa suna sayar da akoko da alawayyo da atamfa, da zaren inji, da garin launi cikin ƴan gwangwanaye, wanda Hausawa suka raɗa wa galura.

Kaɗi bai mutu nan take ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, yadi ya yi wuya, mutane suka koma wa mazari da masaƙa. Amma bayan yaƙi abubuwa suka taru a kansa. Gyaɗa ta cinye gonaki da lokacin mata. Dokar hana bauta ta 1905 ta riga ta rage hannuwan da ke kaɗi a gidajen manya. A shekarun 1950 kamfanin CFDT ya shigo da noman kaɗa na sayarwa, ana awon ta da guryarta a kai injin gurza a Maraɗi ko Madawa, ba ta ko kwana a ɗakin mace. A ƙarshen shekarun 1960 aka kafa masaƙar NITEX a Yamai, wadda daga baya ta zama SONITEXTIL. Barbara Cooper, cikin littafinta kan aure a Maraɗi na 1997, ta nuna yadda mata suka bar zare suka koma ga man gyaɗa da sayar da abinci.

Abin lura shi ne galura ta mayar da rini gida. Da ita, da soda, da wani farin garin sinadari mai wari da ke yin aikin da ƙwayoyin halitta ke yi a rami, mace na iya samun shuɗi ko tsanwa ko ja cikin rabin sa'a a rabin tano, ba toka ba katsi ba jira. Abin da karofi ya ƙwace ya dawo tsakar gida, sai dai ya tarar zaren da za a rina ya riga ya tafi. Matan da ke taruwa a yau a unguwannin Yamai da Maraɗi, sanye da safar hannu ta roba saboda cin soda, shadda ce ta kanti suke rinawa, yawanci bisa salon da aka koyo daga Mali. Masu ɗinkin hula kuma zarensu a rine suke sayen sa.

Inda tsohon tsarin ya fi saura shi ne wajen masu saƙar kaba. A ƙasar Madawa, wadda ta yi suna da tabarmi, da ƙauyukan da ke bin Gulbin Kaba, mata na tsaga kabar goriba su dafa ta cikin ruwan launi kafin su saƙa, kamar yadda kakanninsu ke rina zare kafin a kai masaƙa. Tukunya ɗaya ce, kowace da daminta mai alama, ana tsomawa bi da bi. Mafi yawan launin yanzu galura ce ta kasuwa, mai ruwan hoda da tsanwa mai haske, amma masu sayen tabarma da suka san kaya sukan juya ta su duba jan da ke ciki, domin na karan dafi ya fi duhu, yana ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa.